Amsoshin Tambayoyinku: Majami'ar da Ba Fasto, Sujadarta Ta Cika Kuwa?

TAMBAYA: Ni ɗan ƙasar Kumana ne a ƙaramar hukumar Kauru, amma a Kaduna aka haife ni, a can na girma. A majami'ar ECWA da nake zuwa muna da fastoci fiye da ɗaya, da sujadar Turanci da ta Hausa, da kayan kiɗa na zamani. Da na je gida gaida kakata a wani ƙauye da ke wajen Geshere, sai na tarar faston da ke kula da su yana riƙe da wasu ƙauyukan ma, sai jefi-jefi yake zuwa a kan babur. Ranar Lahadi wani dattijo manomi ne ya hau bagade ya yi wa'azi, matan zumunta suka cika ɗakin da waƙa, ba a ci jibin Ubangiji ba, kuma daga farko har ƙarshe da Hausa aka yi, ban ji yarenmu ba. Abin ya tsaya mini a rai. Shin sujadar da aka yi ba fasto ta cika? Wa ke riƙe da ikilisiya irin wannan? Me ya sa ba a yi da harshenmu? Daga wani matashi a Kaduna.

AMSA: Ɗana, na gode da wasiƙarka, Allah ya ƙara wa kakarka lafiya. Amsar tambayarka ta farko gajera ce: sujadar ta cika. Sai dai gajeruwar amsa ba ta kwantar da ran wanda abu ya dama, don haka ka ba ni aron hankalinka mu bi zancen daki-daki.

Mu fara da Littafi Mai Tsarki, tunda da shi ikilisiyarku take auna komai. A Bisharar Matiyu sura 18, Yesu ya yi alkawarin kasancewa tare da masu binsa ko da mutum biyu ne ko uku suka haɗu saboda shi, bai kuwa gindaya sharaɗin muƙamin kowa ba. A Ayyukan Manzanni sura 14, Bulus da Barnaba sun sake bi ta garuruwan da suka yi wa'azi, suka naɗa dattawa a kowace ikilisiya, suka yi gaba. Haka Bulus ya bar Titus a tsibirin Karita domin ya naɗa dattawa gari-gari. Ikilisiyar Filibi kuwa a bakin kogi ta fara, a wurin da mata suke taruwa yin addu'a, gidan wata 'yar kasuwa mai suna Lidiya ya zama masaukinta. Manzanni matafiya ne. Idan baƙo ya ɗaure kayansa ya tafi, 'yan gari ne suke zama da ikilisiya.

Tarihin ƙasarku ma haka ya zo. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasa. A 1894 biyu suka rasu, Gowans a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham ne ya rage ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM, wadda ta kafa tasharta ta farko a Pategi a 1902, ta iso Kwoi a 1910. Gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta taƙaita wa 'yan mishan shiga garuruwan sarakunan Musulmi, sai suka karkata zuwa ga ƙabilun duwatsu da kurmi na kudancin Zazzau da Filato. Garin Kauru tsohon gari ne na Hausawa Musulmi mai sarautarsa, amma duwatsun da ke yankin na Rumaya ne da Ruruma da Surubu da Kono da Binawa da sauransu, ga kuma Chawai a wajen Damakasuwa.

Turawan mishan 'yan ƙalilan ne, ƙauyukan kuwa ba su ƙirguwa. Wanda ya hau dutse ya zauna da mutane shi ne mai bishara ɗan ƙasa, galibi tare da matarsa. Da safe ya yi noma, da yamma ya tara yara da manya ya koya musu karatu, ranar Lahadi ya ja sujada a ƙarƙashin itace ko a ɗakin jinka. Domin horar da irin waɗannan mutane aka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro a 1931. A 1948 ikilisiyoyin suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda yanzu ake kira EMS, suna ciyar da su daga aljihunsu. A 1954 aka kafa ECWA, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Tsakanin nan, a shekarun 1960, aka yi motsin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya tsaya a kan cewa kowane mai bi mashaidi ne, ya cika gidaje da ƙananan taron addu'a. Har yau za ka ga 'yan Sabon Rai a majami'un ƙauyuka suna waƙa suna fita wa'azi. Ka ga ke nan, dattijon da ya hau bagade a ƙauyenku bai zo da wani sabon abu ba. A hannun irinsa ikilisiyar ta tashi, fasto mai takarda daga baya ya zo.

Sai tambayarka ta biyu, wa ke riƙe da ikilisiya. A tsarin ECWA kowace majami'a tana da hukumar dattawa da membobi suke zaɓa daga cikinsu, akwai magatakarda, akwai ma'aji. Majami'un da ke kusa da juna suna ƙarƙashin majalisar yanki da ake kira LCC, majalisun yanki suna ƙarƙashin gunduma, wato DCC, gundumomi kuma suna haɗuwa a babbar majalisa, hedkwata tana Jos. Gunduma ce take tura fasto, ita ce kuma take sauya masa wurin aiki. Saboda haka fasto yakan zo ya yi 'yan shekaru ya wuce, dattawa kuwa nan aka binne cibiyarsu. Su suka san wace gona ce ake rigima a kanta, wane gida ne ba a ɗora tukunya ba, wane saurayi ne ya fara kwana a wurin shan burkutu. Idan ma'aurata suka saɓa, a gabansu ake fara zama. Idan aka sa wani ƙarƙashin horo, su suke bibiyarsa har a maido shi cikin zumunci.

Maƙwabtanku na wasu ɗarikun ma da irin wannan tsari suke tafiya, kowa da sunan da ya ba shi. A Baftis, ikilisiyar gari ita take yanke shawarar al'amuranta, dikinoni suna taimakon fasto. A Katolika, yankinku yana ƙarƙashin dayosis ɗin Kafanchan da aka kafa a 1995, wanda marigayi Bishop Joseph Bagobiri ya fara jagoranta, Bishop Julius Kundi ya gaje shi. Fada guda yakan riƙe babbar majami'a da ƙananan majami'u da dama a ƙauyuka. Ranar Lahadin da bai zo ba, katikis ne yake jan addu'a da karatun Kalma da koyarwa, shi yake shirya masu neman baftisma, sau da yawa shi yake tsayawa a bakin kabari. Wannan aiki ya yi nauyin da a watan Mayu na 2021 Fafaroma Francis ya mai da shi muƙami tabbatacce a Cocin Katolika na duniya baki ɗaya.

Yanzu ka tuna abin da idonka ya gani a wannan Lahadin, ka lissafa. An kaɗa ƙararrawa, yara sun yi makarantar Lahadi. An buɗe da addu'a, jama'a sun rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi. An karanta nassi. Magatakarda ya yi sanarwa, an marabci baƙi, na tabbata kai ma an sa ka miƙe ka faɗi sunanka da na gidanku. Mawaƙa sun yi tasu, matasa sun yi tasu, matan zumunta sun fito da tulu da caki. An ba da baiko. An yi addu'a domin marasa lafiya da masu makoki da shugabanni da zaman lafiyar ƙasa. An yi wa'azi, an rufe da albarka. Ikilisiyoyin bishara suna lissafa sujada da waɗannan abubuwa: yabo, addu'a, karatun Kalma da bayaninta, bayarwa, da zumunci. Ba ko ɗaya da ya ɓace a ƙauyenku. Rashin jita da lasifika bai rage komai ba.

Akwai dai abubuwan da suke jiran fasto, kuma daidai ne su jira. Baftisma da jibin Ubangiji da ɗaurin aure, a tsarin ikilisiyarku, aikin wanda aka ba izini ne ko aka naɗa. Shi ya sa ba a ci jibi ba ranar da ka je. Dattawa sukan tara masu neman baftisma su yi ta koya musu a aji wata da watanni, ranar da fasto ya zo a gangara rafi gaba ɗaya. A Katolika kuwa babu Mas sai da Fada, haka ma furta zunubi. Wannan ƙa'ida tana kare ikilisiya daga kowa ya yi gaban kansa. Sai dai tana da tsada ga mutanen ƙauye, domin tsohuwa irin kakarka tana iya yin watanni ba ta kusanci teburin Ubangiji ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma haƙƙin dattawa ne su riƙa tunasar da LCC a tsara musu ranakun jibi a kai a kai.

Da ka ƙara kwanaki a gida, da ka ga cewa Lahadi kaɗan ce daga cikin aikin. Da asuba akwai masu zuwa addu'ar safe kafin a tafi gona. A tsakiyar mako akwai taron addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki. Mawaƙa suna da yammacin koyon waƙa, 'yan birged maza da mata suna da ranar faretinsu, zumuntar maza tana da nata zama. Amma duk wanda ya san majami'un kudancin Kaduna zai faɗa maka cewa ƙashin bayansu zumuntar mata ce. ECWA ba ta naɗa mace fasto, duk da haka matan nan su ne mafi yawa a kan benci, su ne kuma na farko a gidan haihuwa da gidan rasuwa. Su suke kai itace da ruwa da hatsi gidan makoki, su kwana suna waƙa tare da wadda aka yi wa rashi. Su suke tara kuɗin kai mai naƙuda asibiti. Waƙoƙinsu kuma makaranta ce: suna ɗaukar labari daga Littafi Mai Tsarki, ko gargaɗi a kan shaye-shaye da zaluntar gwauraye da marayu, su sa masa amshi mai sauƙi, wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya haddace ya tafi da shi gona. Abin da suke iya faɗa wa mazan gari cikin waƙa, fasto ma yakan yi shakkar faɗarsa a kan bagade.

To me ya sa ba a ba kowane ƙauye fastonsa ba? Dalili na farko kuɗi ne. Majami'ar ƙauye da baiko da zakka take rayuwa, kuma aljihun manomi sau ɗaya yake cika a shekara. Da kaka ake yin godiya, a kawo masara da dawa da shinkafa da waken soya da kaji, a sayar a zuba a asusu. Daga nan za a biya fasto, a gyara rufin kwano, a aika kason LCC da gunduma, a taimaki masu bishara. Wasu ikilisiyoyin sukan yi gayya a gonar majami'a ko a gonar fasto don cike giɓi. Inda ƙauye ɗaya ba zai iya ɗaukar fasto da iyalinsa ba, sai biyu ko uku su haɗa hannu. Dalili na biyu hanya ce da makaranta da asibiti, waɗanda suke sa mai iyali ya yi ta neman a maido shi gari. Na uku kuma tsaro ne. A watan Fabrairu na 2022 'yan bindiga sun ɗauke Fadan majami'ar Katolika ta Ikulu Pari, a watan Yuni na 2023 suka ɗauke na Karku, duka a ƙaramar hukumar Kauru, kafin daga baya su kuɓuta. Masifar ba ta bar Kirista ba, ba ta bar Musulmi ba, amma gidan limami ko fasto a bakin gari abin hari ne a fili. A ƙauyukan da mutane suka watse na ɗan lokaci, waɗanda suka sake buɗe ƙofar majami'a bayan an dawo dattawa ne da mata.

Mu zo ga batun harshe. Ƙasarku ƙananan harsuna ne birjik, wani dutse da yarensa, na kusa da shi da nasa. Masu bisharar da suka zo daga wasu ƙabilu ba su jin yarenku, da Hausa aka horar da su, da ita kuma kakanninku suke ciniki a kasuwa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi fice a cikinsa, ga Littafin Waƙoƙi shi ma da Hausa. Wanda ya koyi karatu a ajin mai bishara da waɗannan littattafai ya koya. Katolika ma, da babban taron Vatican na biyu ya ba da damar yin sujada da harsunan jama'a a 1963, Hausa ta fi rinjaye a wannan yanki. Yau kuma a benci guda za ka sami matar da aka auro daga Chawai da malamin makaranta Bajju da ma'aikacin asibiti Atyap, Hausa ce kaɗai take haɗa su. Saboda haka dattawanku ba raina yarenku suka yi ba.

Duk da haka damuwarka tana da tushe. Harshen da ba a addu'a da shi, ba a waƙa da shi, yara ba sa jin nauyin riƙe shi, kuma ƙananan harsunan duwatsun Kauru suna ja da baya a bakin matasa. Wasu maƙwabtanku sun tashi tsaye: Bajju sun sami Sabon Alkawari da harshen Jju tun 1982, Atyap sun sami nasu da Tyap a 2015. Fassara aiki ne mai cin shekaru da kuɗi, amma akwai abin da ba ya bukatar jira. Ana iya ware waƙa ɗaya ko addu'a ɗaya da yaren gari kowace Lahadi. Ana iya taƙaita wa'azi da yare saboda tsofaffi. Ana iya ɗaukar waƙoƙin da tsofaffin mata suka sani a waya tun suna da rai.

Kada ka ɗauka ina cewa majami'ar da ba fasto ba ta da matsala. Dattijo yana iya zama mai tsoron Allah amma karatunsa gajere, ya yi ta juya nassi ɗaya shekara da shekaru, ko ya fassara shi ba daidai ba. Zaɓen dattawa yakan koma takarar dangi. Sanarwa da neman gudummawa sukan cinye lokacin wa'azi. Inda koyarwa ta yi rauni kuma, nan masu sayar da man shafawa da annabcin ƙarya suke samun kasuwa. Maganin wannan shi ne a koyar da waɗanda suke riƙe da aikin. Ikilisiyoyi a wasu ƙasashe sun fuskanci haka: a 1963 wata makarantar tauhidi a Gwatamala ta fara kai darasi ƙauyukan shugabannin ikilisiya maimakon ta jira su bar gonakinsu su zo, tsarin ya bazu har Afirka. Dattijon da aka ba littafin bayanin nassi da Hausa, aka kai shi bitar 'yan kwanaki bayan girbi, wa'azinsa zai sauya. Kada kuma ka raina abin da ajin ƙauye yake iya fitarwa. Byang Kato, wanda aka haifa a ƙasar Kwoi a 1936, daga ƙaramar makarantar mishan ya fara, ya zama babban sakataren ECWA, a 1973 kuma ya zama babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka, kafin rasuwarsa a Kenya a 1975.

Saboda haka, ɗana, sujadar da kakarka take yi cikakkiya ce, ikilisiyarta kuma tana da masu riƙe ta. Abin da take nema shi ne 'ya'yanta na birni su tuna da ita. Idan za ka sake zuwa gida, ka fara gaida dattijon nan ka tambaye shi abin da ya fi bukata kafin ka ba shi shawara. Ka haɗa kai da 'yan ƙauyenku da ke Kaduna ku sayi Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi ga waɗanda nasu ya yage, ku ɗauki nauyin man babur ɗin fasto don ya riƙa zuwa ba da jibi, ku biya wa saurayi ɗaya ko budurwa ɗaya kuɗin makarantar Littafi Mai Tsarki. Ka karɓi ajin yara na makarantar Lahadi a makonnin da kake gida, ka zauna kusa da kakarka ta koya maka addu'a da yarenku. Allah ya ba ƙasar Kauru zaman lafiya, ya kuma yi maka albarka.